Zane Daga Hoto: Haske da Duhu Kafin Launi

Kowace shekara mu 'yan ajin zane mukan ga abu guda. Ɗalibi zai kawo hoton kakansa daga gida, ya ɓata mako biyu da fenti mai tsada, a ƙarshe fuskar ta fito shafe kamar faifai, har 'yan gidansu su kasa gane mutumin. Sai ya karai, ya ce ba shi da baiwa. Sau da yawa ba baiwa ya rasa ba, gaggawar shafa launi ya yi tun bai duba haske da duhu ba.

Koyon zane daga hoto ba abin kunya ba ne. Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu Ode a 1882, ya koya wa kansa zane ta wurin kwaikwayon hotunan mujallu da littattafai. Sai a 1920 ya tafi Ingila karatu. Da ya komo a 1922, ya dage har koyar da zane ya sami gindin zama a makarantun Legas. Amfanin hoto shi ne ba ya motsi, rana kuma ba ta faɗuwa a cikinsa, don haka mai koyo yana da lokacin dubawa da kyau.

Bari mu ɗauki misali da hoton da aka ɗauka a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis: wani dattijo cikin farar riga yana zaune a rumfa, tulin albasa a gabansa, rana tana dukan ƙasa a waje.

Da fari, mukan ja layuka a kan kwafin hoton, gida-gida kamar na dara, mu ja irinsu a takardarmu da fensir. Wannan yakan hana kai ya fi jiki girma.

Na biyu, mukan manta da launi ɗungum. A gefen takarda mukan yi matakala mai hawa biyar: fari, toka mai haske, toka, toka mai duhu, da baƙi. Sa'an nan mu kanne ido mu dubi hoton har ƙananan abubuwa su ɓace, ya rage sai manyan fannoni. Kowane fanni mu ba shi hawansa. A nan ne ido yakan ƙaryata abin da muka sani. Mun san rigar dattijon fara ce, amma da yake tana cikin inuwar rumfa, za ta iya fin ƙasar da rana ke duka duhu. Wanda ya bar ta fara fat ya fitar da dattijon daga rumfarsa. In an kasa ganewa, a yi fotokwafin hoton, gama injin yakan kawar da launi ya bar haske da duhu kaɗai. Da gawayi ko tawadar allo za a iya gama wannan aiki ba a kashe ko kwabo ba.

Na uku, sai zaɓen launi. Tushen launukan fentinmu uku ne: ja, rawaya da shuɗi. Rawaya da shuɗi su ba da kore, ja da rawaya su ba da ruwan goro, ja da shuɗi su ba da shunayya. Ba dole ne a zuba dukansu a zane guda ba. Akwai tsari uku da muke bi. Ana iya ɗaukar launi ɗaya tak, kamar yadda marina ke fitar da shuɗi mai haske da mai duhu daga baba. Wannan ya dace da tsofaffin hotuna marasa launi, irin na tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, inda dogo ya iso a 1929. Ana iya ɗaukar launuka maƙwabta, watau rawaya, ruwan goro da ja, waɗanda sukan nuna zafin bazara da ginin jar ƙasa. Ana kuma iya haɗa kishiyoyi: ja da kore, shuɗi da ruwan goro, rawaya da shunayya. A hoton kasuwarmu, ruwan goro ga ƙasa mai rana da shuɗi-shuɗi ga inuwar rumfa sun wadatar. Sharaɗin shi ne kowane launi ya zauna a hawan da muka riga muka ba wurin.

Sai gargaɗi uku. Kada a duhunta launi da baƙi zalla, gama yakan kashe shi. A ɗiga masa kishiyarsa kaɗan. Kada a shafe fuskar mutum da ruwan ƙasa iri ɗaya. Goshi da karan hanci sukan ɗauki hasken sama, ƙarƙashin haɓa kuwa ya yi duhu. Kada kuma a gaskata kyamara a kan kome. Da tsakar rana takan mai da inuwa baƙa ƙirin, ta wanke sararin sama. Saboda haka mukan fita waje mu dubi inuwar gaske. Ko lokacin hunturu, a kan hanyar Zurmi zuwa Birnin Tsaba, mai lura zai ga itatuwan nesa sun koɗe cikin hazo, na kusa kuwa sun ciza. Haka ake nuna nisa a takarda.

Littafin Farawa ya nuna mana cewa Allah ya raba haske da duhu tun a rana ta fari, tsire-tsire da launukansu sai a rana ta uku. Mu ma mu bi aikinmu daki-daki. Muna roƙon ƙannenmu da za su shigo ajin zane baɗi su roƙi iyayensu aron tsohon hoto guda, su riƙe shi da tsabta, su fara da gawayi. Hotunan kakanninmu suna koɗewa a cikin akwati, hannun da ya koyi wannan aiki kuwa zai iya adana fuskokinsu domin na baya. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu, amin.