Me Ya Sa Shinkafa Ke Rayuwa Cikin Ruwa, Masara Kuwa Ta Mutu?

Ɗan'uwa manomi, idan ka bi gaɓar Kogin Kwara daga Tuga zuwa Illo, har Lolo a bakin iyakar ƙasar Benin, za ka ga shinkafa tsaye cikin ruwa, ganyenta kore shar. Amma idan ruwa ya kwanta a gonar masara kwana uku ko huɗu, sai ka ga ƙaramar masara ta yi yaushi kamar mai jin ƙishi. Mene ne dalili? Amsar tana cikin jikin shukar. Wanda ya gane ta zai san abin da zai shuka a tudu da abin da zai kai fadama.

Aikin saiwa

Saiwa ce bakin shuka. A jikinta akwai ƙananan gashi masu yawa, su ne ke tsotso ruwa da taki daga ƙasa. Ruwa yakan bi inda gishiri ya fi yawa. Takin zamani kuwa irin gishiri ne. Saboda haka idan ka tula shi a gindin shuka cikin busasshiyar ƙasa, sai ya jawo ruwa daga saiwa zuwa waje, shuka ta ƙone. Ka sa taki ɗan nesa da gindi, a lokacin da ƙasa ke da laima.

Aikin kara

Cikin kara akwai hanyoyi iri biyu, siriri ƙwarai. Ta ɗaya tana kai ruwa daga saiwa zuwa ganye. Ta biyu tana ɗaukar abincin da ganye ya haɗa da hasken rana, ta raba wa saiwa da ƙwaya. A jikin itace, hanya ta biyu tana ƙarƙashin ɓawo. Shi ya sa idan aka saɓule ɓawon itace aka kewaye shi, saiwa takan rasa abinci, itacen ya mutu a hankali.

Aikin ganye

A jikin ganye akwai ƙofofi dubbai waɗanda ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga domin haɗa abinci, ta nan kuma ruwa ke fita kamar gumi. Cikin kashi 100 na ruwan da shuka ta sha, fiye da kashi 95 yakan fita ta ganye. Wannan ba hasara ba ce, gama shi ne ke sanyaya shuka, shi ne kuma ke jawo sabon ruwa daga ƙasa.

Sa'ad da ruwa ya yi ƙaranci, shuka takan rufe ƙofofin nan. Dawa da shinkafa sukan nannaɗe ganye. Farin garin da kake gani a jikin dawa shi ma yana rage fitar ruwa. Amma ga wahalar: in ƙofa ta rufe, iska ba ta shiga, haɗa abinci ya tsaya. Shukar da ke nannaɗe ganye kowace rana tana da rai, amma ba ta girma. Mai noman rani ya lura da kyau: in ganye bai warware ba har safiya, ƙishi ya yi tsanani. Lokacin da shinkafa ke ciki da fitar da kai, ƙishin 'yan kwanaki yakan bar ka da ƙaiƙayi.

Saiwa ma tana numfashi

To, mu koma ga tambayarmu. Saiwa tana bukatar iska, kuma takan same ta cikin ramukan ƙasa. In ruwa ya cika ramukan, saiwar masara ta shaƙe, ta kasa tsotso ruwa. Shi ya sa take yaushi ga ruwa kewaye da ita. Shinkafa kuwa tana da hanyoyin iska daga ganye har zuwa saiwa. Ka karya karanta ka gani, cikinsa rami ne. Muddin ganye yana bisa ruwa, saiwa tana numfashi.

Amma in ambaliya ta rufe ganye duka, yawancin irin shinkafa kan mutu cikin mako guda. Haka ya faru a 2020, sa'ad da ruwa ya cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. Shinkafar kakanninmu ta zurfin ruwa takan miƙa kara ta bi ruwa in yana tasowa a hankali. Akwai kuma iri biyu, FARO 66 da FARO 67, da aka fitar a Nijeriya a 2017. Su sukan dakatar da girma a ƙarƙashin ruwa, su adana abincinsu, su jimre har wajen mako biyu, sa'an nan su farfaɗo in ruwa ya janye.

Abin da za ka yi

1. Gero da dawa da masara, ka kai su tudu, ko ka yi musu kunya mai tsawo da hanyar fitar ruwa.
2. Inda ruwa kan taso farat ɗaya ya janye, ka tambayi malamin gona irin da ke jimre wa nutsewa.
3. Ka yi dashe da yamma, gama saiwar da aka tumɓuke ba ta iya biyan ganye ruwan da rana ke ɗauka.
4. Kada shinkafa ta rasa ruwa lokacin fitar da kai.

Gobe da sassafe ka zagaya gonarka, ka dubi ganye. Shuka ba ta da baki, amma ganyenta zai faɗa maka abin da take bukata.