Daga Injin Kobalt na Duwala zuwa Cibiyar Ƙwayar Zarra

Mai ciwon daji daga unguwar New Bell ko Deïdo a Duwala, idan likita ya rubuta masa gashi, Babban Asibitin Duwala ake tura shi, inda aka daɗe ana aiki da injin kobalt-60. Abin da ke ƙona ƙarin shi ne hasken gama. Kobalt ɗin yakan rikiɗe ya zama nikel-60, cibiyar ƙwayar zarrar nikel ta sauke rarar ƙarfinta a taki biyu: MeV 1.17 da MeV 1.33 (MeV awon ƙarfi ne). Lissafin a bayyane yake, har an san cewa duk shekara biyar da 'yan watanni ƙarfin injin yakan ragu da rabi.

Wahalar tana farawa ne idan aka zuga cibiyar ƙwayar zarra sosai. Matakan da za ta iya saukowa ta kansu sukan yi yawa har su cakuɗe. Ba a ƙirga gero da ɗai-ɗai, sai dai a sa mudu. Mudun masana a nan shi ne ma'aunin ƙarfin gama, wato yawan yiwuwar fitar hasken a kowane mataki na ƙarfi.

Don samun wannan ma'auni, a Jami'ar Oslo ta Norway akan harba firoton ko cibiyar hiliyam kan fallen ƙarfe siriri. Abin da aka harba ya bugi cibiyar ya fanɗare. A auna ƙarfin da ya rasa, shi ne wanda cibiyar ta haɗiye. A daidai lokacin na'urorin da ke kewaye suna kama hasken da ta amayar. Sai an tara miliyoyin irin wannan karo kafin hoto ya fito. Cibiyar bincike ta iThemba da ke kusa da Cape Town ma tana wannan aiki.

A 2004, a irin wannan gwaji, baƙin ƙarfe ya ba da mamaki: ana zaton hasken gama mai rauni ba ya fita da yawa, sai aka ga ya fi zato nesa. Har yanzu ana muhawara kan dalili.

Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwar New Bell? Ruwansa kaɗan ne a yau, gaskiya. Amma da wannan ma'auni ake lissafin yadda cibiya ke kama niyutiron, ko a taurarin da suka ƙera zinariya da yuraniyom irin na Arlit, ko a tukunyar nukiliya irin ta Zariya da aka kunna a 2004.