Yadda Tsofaffin Wasannin Gem Ke Komawa Kwamfuta Ba Tare da Na'urarsu ba

A garuruwan arewacin Jihar Zamfara, irin su Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, kamar yadda yake a sauran ƙasar Hausa, yawancin matasa sun fara sanin wasan gem ne a shagon haya, inda ake biyan kuɗi a karɓi hannu a buga wasan ƙwallo a kan PlayStation 2. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fitar da wannan na'ura a shekarar 2000, ya sayar da fiye da miliyan 155, sannan ya daina ƙera ta a farkon 2013, wanda ke nufin duk wadda ke aiki a yau ta haura shekara goma. Ƙurar hunturu da zafin bazara da wutar janareto mai hawa da sauka kan kashe idon da ke karanta faifai, shi ya sa masu shaguna suka koma loda wasanni a filashi, amma wannan dabara jinkirta mutuwar na'urar kawai take yi. Tambayar da masana manhaja suka daɗe suna fama da ita ita ce yadda za a raba wasan da ƙarfen da aka ƙera shi dominsa.

Tushen matsalar yana cikin ƙwaƙwalwar sarrafawa, wato ɗan guntun da ke aiwatar da umarni a cikin kowace na'ura, domin kowane iri yana da jerin umarnin da yake ganewa shi kaɗai. PlayStation 2 da Nintendo 64 suna bin tsarin da ake kira MIPS, kwamfutocin da ke ɗauke da Intel ko AMD suna bin x86, wayoyin hannu kuma suna bin ARM. Mai rubuta wasa yakan rubuta shi da harshen manhaja da mutum ke iya karantawa, kamar C, sannan wata manhaja mai harhaɗawa ta mayar da rubutun zuwa lambobin da na'ura guda ke fahimta. Lambobin nan ne ake sayarwa a faifai, rubutun asali kuwa kamfani ke riƙe da shi, wani lokaci ma yakan ɓace.

Hanyar da aka fi sani ita ce kwaikwayo, inda wata manhaja ke yin kamar ita ce tsohuwar na'urar, tana karɓar umarnin wasan tana juya shi a daidai lokacin da ake bugawa. PCSX2, wadda aka fara fitarwa a 2002, tana yi wa wasannin PlayStation 2 wannan aiki, PPSSPP kuma, wadda Henrik Rydgård ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 2012, ita ce matasa ke buga ƙwallon na'urar PSP da ita a wayoyinsu. Aikin manhajar kwaikwayo kamar na tafinta ne a gaban alƙali, wanda dole ya saurari kowace magana ya juya ta nan take, alhali gudanar da wasa kai tsaye kamar littafi ne da aka fassara sau ɗaya aka buga, mai karatu ba ya jiran kowa. Daga nan ne nauyin kwaikwayo ke fitowa: na'urar da saurinta bai kai megahaz 300 ba, mai ma'adanar aiki ta megabayit 32, takan buƙaci kwamfutar da ta ninka ta sau da yawa kafin wasan ya tafi ba tare da sarƙewa ba, ga cin batir ga zafi.

Ana mayar da wasa ya zama na kwamfuta kai tsaye ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce warwarewa, wato a ɗauki lambobin da ke cikin wasan a sake gina rubutun asali daga cikinsu, aiki bayan aiki, ana harhaɗa abin da aka rubuta ana gwada shi da na asali har sai sun dace ba bambancin ko lamba ɗaya. Aiki ne na shekaru, kuma masu sha'awa ne ke yin sa ba da albashi ba. Da haka aka warware Super Mario 64, wasan 1996, aka saki rubutunsa a 2019, a 2020 kuma ya fito a kwamfuta da faffaɗan hoto mai tsabta. Da haka kuma aka kammala warware wasan Zelda na Ocarina of Time a ƙarshen 2021, wanda a kansa aka gina Ship of Harkinian, sigarsa ta kwamfuta, a 2022. A ɓangaren PlayStation 2, misalin da ya fi fice shi ne OpenGOAL, inda sai da masu aikin suka sake gina harshen manhaja na musamman da kamfanin Naughty Dog ya ƙirƙira kafin Jak and Daxter na 2001 ya tashi a kwamfuta.

Hanya ta biyu ta fi sauri nesa ba kusa ba, domin manhaja ce ke juya dukkan lambobin wasan zuwa C sau ɗaya, ba tare da mutum ya fahimci kowane layi ba. Wani mai shirya manhaja da aka sani da laƙabin Wiseguy ya fitar da irin wannan kayan aiki a Mayun 2024 tare da wasan Majora's Mask, a Maris na 2025 kuma wasu suka bi sawu da Sonic Unleashed na Xbox 360. Sai dai rubutun da ke fitowa ta wannan hanya yana da wuyar karantawa, wasu daga cikin ayyukan kuma suna neman katin hoto na zamani, saboda haka kuskure ne a ɗauka kowace kwamfutar gwanjo za ta ɗauke su.

Ta fuskar doka akwai buƙatar hattara. Wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke hukunci a 2000, a shari'ar Sony da kamfanin Connectix, cewa bin diddigin manhaja domin yin manhajar kwaikwayo halal ne, amma hakan bai hana kamfanin Take-Two maka waɗanda suka warware Grand Theft Auto III a kotu a 2021 ba, bai kuma hana masu manhajar kwaikwayo ta Yuzu biyan Nintendo dala miliyan 2.4 a 2024 ba. Wannan ya sa masu irin waɗannan ayyuka ba sa raba hotuna da sautin wasa, sai dai mai amfani ya kawo kwafinsa manhajar ta ciro su daga ciki. A Nijeriya ma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare manhajojin kwamfuta, ko da yake kowa ya san yadda ake tura wasanni a kasuwa.

Amfanin wannan fasaha ga arewacin Zamfara ya wuce kyan hoto. A farkon Satumban 2021 an katse layukan waya da intanet a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, ƙananan hukumomin da ke wajen Gusau suka shafe fiye da wata biyu a haka, a ƙarshen watan na Satumba kuma kamfanin Konami ya maye gurbin wasan ƙwallonsa na PES da eFootball, wasan da mafi yawan sassansa ba sa aiki sai da intanet. Tsohon wasa ba ya neman data, ba ya jiran izinin wani kamfani kafin ya buɗe, idan kuma rubutunsa na hannu ana iya gyara shi, a rage masa nauyi, har a mayar da kalmominsa Hausa. Masu son ƙwallo sun yi sa'a, domin Konami da kansa ya fitar da PES 6 a kwamfuta tun 2006. Waɗanda ke cikin haɗari su ne irin God of War na 2005 da Mortal Kombat: Shaolin Monks, da suka yi tashe a shaguna amma ba a taɓa fitar da su a kwamfuta ba, alhali masu aikin warwarewa sun fi karkata ga Mario da Zelda da suka taso da su.

Ƙauran Namoda tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983, rubutun waɗannan ayyuka kuma a buɗe yake a shafin GitHub kyauta ga duk mai son karantawa. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya zauna ya warware aiki ɗaya daga harshen MIPS zuwa C zai fahimci yadda na'ura ke aiki fiye da wanda ya haddace darasi don jarrabawa, kuma ya kamata malaman da ke duba aikin kammala karatu su fara karɓar irin wannan a matsayin bincike na gaske.