Baƙin Da Ke Zama A Bakin Tabarma: Me Ke Kawo Su Zaman Katolika A Ƙasar Falgore?

Duk wanda ya taso daga Kano zuwa Jos a mota ya san hanyar. In an bar titin Zariya a Kwanar Ɗangora, sai a ratsa Tudun Wada, a shiga dajin Falgore, wanda ke wajen kilomita 150 daga birnin Kano, a ɓulla ta ƙasar Doguwa. Abin da matafiyi yake gani dai shi ne gonakin masara da shinkafa da duwatsu da garken shanu. Amma can cikin lunguna, inda mota ba ta shiga da damina, akwai ƙananan majami'u, wasu na kwano wasu na jinka, kuma akwai abin da ke faruwa a ƙofarsu wanda ya kamata masu karatunmu su sani.

Ran Lahadi da yamma, bayan an tashi daga sujada an ci abinci, 'yan Katolika sukan taru a ƙofar gidan katikis ko a inuwar wata ɗorawa, su sake bin karatun ranar, kowa ya kawo tambayarsa. Fada ba ya samun zuwa kowane mako, domin ƙauyukan da ke hannunsa suna da yawa, saboda haka katikis ne yakan ja zaman. To, abin da ya ja hankalinmu shi ne ba 'yan Katolika kaɗai ke zama ba. A bakin tabarma za ka ga dattijon ECWA da Littafinsa a hammata. Za ka ga saurayi Musulmi ya jingine babur ɗinsa ya tsuguna. Wani lokaci har da tsohon da bai bar al'adar kakanninsa ba. Ba su durƙusawa in an durƙusa, ba su yin alamar gicciye, amma suna nan har a tashi. Me ke kawo su?

Kafin mu amsa, sai an san ƙasar. Yawancin mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa Musulmi ne. A tsakaninsu kuwa akwai Maguzawa, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya har bayan jihadin 1804, suna zaune a manyan gidajensu na gandu nesa da gari, an kuma san su da noma. Cikin ƙarnin da ya wuce da yawansu sun musulunta, wasu kuma suka karɓi bishara ta hannun 'yan mishan na SIM, waɗanda majami'unsu suka zama ECWA a 1954, ko ta hannun Fada-Fada na Katolika. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932. Aikin Katolika na Kano ya rabu da na Kaduna a 1991, ya zama cikakkiyar dayosis a 1999 a hannun Bishop Patrick Sheehan, wanda Bishop John Namaza Niyiring ya gada a 2008. Sakamakon wannan tarihi shi ne, a gida guda sai ka tarar da wa Musulmi, ƙane Kirista, kakansu kuwa yana nan a kan abin da ya gada.

Dalili na farko ke nan: dangantaka. Mutumin da ƙanwarsa za ta auri ɗan Katolika yana so ya san abin da ake shirin ɗora mata. A zaman ne yake jin cewa irin wannan aure sai da izinin Bishop, kuma ɗan Katolikan ne yake yin alkawarin riƙe bangaskiyarsa da yin iyakar ƙoƙarinsa ya tarbiyyantar da 'ya'ya a cikinta, ita kuwa amarya a sanar da ita wannan alkawari, ba a tilasta mata ta sake ɗariƙa ko addini ba. Wanda mahaifiyarsa ta rasu tana Katolika yana so ya san abin da ake faɗa a bakin kabarinta, da dalilin da ya sa ake ci gaba da yi mata addu'a. Irin wannan baƙo bai zo neman sabon addini ba. Ya zo ne don kada zumunci ya yanke.

Dalili na biyu, Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Babu ɗariƙar da ake yi wa jita-jita a ƙauyukanmu kamar Katolika, kuma mu faɗi gaskiya, wani kaso na jita-jitar daga bakin Kiristoci 'yan'uwa yake fitowa. An ce suna bauta wa Maryamu. An ce gumaka suke yi wa sujada. An ce Fada sayar da gafara yake yi. Mai hankali yakan gaji da an ce, ya taso ya ji da kunnensa. Dattijon ECWA yana so ya san dalilin da ya sa Littafin Katolika yake da littattafai 73, nasa kuwa 66. Sai a yi masa bayani cewa bambancin littattafai bakwai ne na Tsohon Alkawari, Sabon Alkawari kuwa iri ɗaya ne. Yakan kuma yi mamaki in ya ji cewa Ikilisiyar Katolika ta yarda da baftismar da aka yi masa da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba ta sake yi wa irinsa wata.

Musulmi kuwa tambayoyinsa daban ne. Ya ga carbi a hannun tsohuwar maƙwabciyarsa, ya ga ana azumin kwana arba'in kafin Ista, ya ga ana durƙusawa, sai ya ji abin bai yi masa nisa ba. Ya kuma san Maryam, domin sura ta 19 ta Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi, kuma ita kaɗai ce macen da aka ambata da suna a cikinsa. Daga nan yakan kai ga babbar tambaya: shin Allah ɗaya kuke bauta wa ko uku? In katikis ya amsa masa cewa Allah ɗaya ne, ya kuma bayyana abin da muke nufi da Triniti, mai yiwuwa ba zai yarda ba. Amma zai koma gida ya san abin da bai yarda da shi ɗin ba, wanda ya fi ya yi ta ƙin abin da ba mu taɓa faɗa ba.

Dalili na uku, akwai tambayar da mutum yake jin nauyin yi a gida. Ɗan kowane addini yana jin kunyar malaminsa ko fastonsa ko Fadansa, kada a ce bangaskiyarsa ta yi rauni. A wurin maƙwabta kuwa kunyar takan ragu. Me ya sa yarona ya mutu alhali na yi addu'a? Ina kakanninmu da suka rasu ba su ji wa'azin kowa ba? Tsohon nan mai riƙe da al'ada, wannan ta biyun ce take cinsa. Ba sabon abu ba ne. A Yohanna sura 3, Nikodimu, babban malami ne a cikin mutanensa, amma da dare ya lallaɓo wurin Yesu da tambayarsa, Ubangiji kuwa bai tona masa asiri ba.

Ba za mu ɓoye ba, akwai mai zuwa don gardama kawai, ya ƙure katikis a gaban jama'a ya tafi yana ba da labari. Akwai kuma 'yan kaɗan da zuciyarsu take neman shiga Ikilisiya da gaske. Ga waɗannan Katolika ba ta gaggawa. Baligi yakan daɗe yana karatun katikisma kafin a yi masa baftisma, yawanci a daren Ista, domin kada kowa ya shiga don kunya ko don kwaɗayin wani abu.

Dalili na ƙarshe shi ne mafi nauyi, wato tunawa da wuta. Dattawa ba su manta da rikicin Fagge na Oktobar 1982 ba, ko na Oktobar 1991 a Kano lokacin da aka shirya zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke. Na kusa kuwa shi ne na garin Tudun Wada a ƙarshen Satumbar 2007, inda maganar zargin ɓatanci da ta taso daga makaranta ta kai ga ƙona majami'u da shaguna da asarar rayuka. Waɗanda suka ga wannan, Musulmi da Kirista, sun san yadda magana take gudu ta riga gaskiya isa kasuwa. Mutumin da ya saba zama da kai, ya san abin da kake koya wa 'ya'yanka, in an zo masa da labari a kanka yakan tsaya ya ce bari in tambaya tukuna. Wannan ɗan jinkiri kaɗai yana iya ceton unguwa.

To, ina matsayin Ikilisiyar Katolika game da waɗannan baƙi? Babban taron Batikan na Biyu ya yi magana a fili. A 21 ga Nuwamba 1964 ya fitar da takarda a kan haɗin kan Kiristoci, inda ya kira masu baftisma na sauran ɗariƙu 'yan'uwa. A 28 ga Oktoba 1965 ya fitar da wata mai suna Nostra Aetate, wadda ta ce Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, ta kuma roƙi ɓangarorin biyu su bar tsohuwar gaba su nemi fahimtar juna. A 7 ga Disamba na shekarar ya ƙara da cewa ba a tilasta wa kowa a sha'anin addini. Paparoma John Paul na Biyu ya zo Kaduna a Fabrairun 1982, ya yi wa matasa Musulmi jawabi a Kasabulanka ta ƙasar Maroko a 1985, ya kuma tara shugabannin addinai a Asisi ta Italiya a 1986 domin addu'ar zaman lafiya. Ɗan ƙasarmu, Kadinal Francis Arinze, shi ya shugabanci ofishin fadar Paparoma mai kula da hulɗa da sauran addinai daga 1984 zuwa 2002. A 2019 kuma Paparoma Francis da Babban Limamin Azhar, Shaihu Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu a takardar 'yan'uwantaka a Abu Dabi. Duk wannan abu ne mai kyau, amma takarda ba ta isa ƙauyen da ke bayan daji da ƙafarta. Katikis da tabarmarsa ne suke kai ta.

Mun san ba kowa cikinmu ne ransa yake kwanciya da wannan ba. Wasu suna tsoron kada baƙo ya zama ɗan leƙen asiri, ya ɗauki magana ya juya ta. Wasu suna ganin in ana yawan lallashin baƙi, za a wayi gari an tsarma bangaskiya da ruwa. Tsoron yana da tushe, kuma wanda ya taɓa kwana a daji da 'ya'yansa ba za a ce masa ya cika zargi ba. Sai dai mu lura, rufe ƙofa ba ya hana a yi maganarmu. Abin da yake hanawa shi ne a ji ta bakinmu.

Saboda haka ga abin da muke gani ya dace, ko a zaman Katolika, ko na ECWA, ko Angilikan, ko Baftis. Kada a zagi addinin baƙo, ko littafinsa, ko wanda yake girmamawa, ko da wasa. Kada kuma a ɓoye masa abin da muka gaskata don a faranta masa rai, gama ya zo ne ya ji gaskiyarmu, kuma in ya gane an yi masa kwana-kwana ba zai ƙara yarda da mu ba. In lokacin Jibin Ubangiji ne, a gaya masa da ladabi cewa wannan na 'yan Ikilisiya ne, mai addini ya san iyaka. In tambaya ta fi ƙarfin katikis, ya ce bai sani ba, zai tambayi Fada. Kada a yi shelar cewa wane ya kusa tuba don an gan shi sau biyu, domin irin wannan magana tana iya raba mutum da matarsa da gonarsa, har ta jefa ransa cikin haɗari. Kada a ja yaro ƙarami cikin zaman ba da sanin iyayensa ba. Mu ma in an gayyace mu suna ko biki ko ta'aziyya, mu je, gama zumunta a ƙafa take.

Abu mafi muhimmanci, mu san bangaskiyarmu. Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari sura 3 aya 15, ya gargaɗe mu mu zauna da shirin amsa wa mai tambayar dalilin begenmu, mu kuma yi shi da tawali'u da bangirma. Sau da yawa baƙo yakan yi tambayar da ɗan gida ya shekara ashirin yana zuwa majami'a bai taɓa yi ba, sai kowa ya ƙaru. 'Yan Zumuntar Mata da matasa da dattawan majami'a, wannan aiki na kowa ne, kada a bar wa katikis shi kaɗai.

A wani zama da muka halarta, ana cikin magana sai aka kira sallar magariba daga ƙauyen da ke ƙetaren rafi. Saurayin nan mai babur ya miƙe. Kafin ya ce komai, matar katikis ta aiko yaro da buta cike da ruwa, katikis kuma ya nuna masa wuri mai tsabta a gefen rumbu. Da ya idar ya dawo ya ce, "Baba, ba ka gama ba ni amsar ɗazu ba." Katikis ya ce, "Zauna, Malam, yanzu za mu koma kanta."

Allah ya ba mu hikimar karɓar baƙo, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.