Gargaɗi: Kada Mu Ƙone Rumbu Don Ɓera

Jama'ar Jega, Aliero da Maiyama, a kasa kunne. Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a garuruwanmu. Da ciki ya murɗa sai a aiki yaro kemis, ko a tare mai tallan magani a tasha, a sayo Flagyl biyu da kafso ja-da-yalo, a kora da ruwa. Ba gwaji, ba takardar likita.

Hanjin mutum ba kango ba ne. A 2016 masana sun ƙiyasta cewa jikin baligi na ɗauke da ƙwayoyin bakteriya kusan tiriliyan 38, akasarinsu a babban hanji. Da yawansu 'yan gida ne. Su ke sarrafa dusar hatsi, wake da ganyen da ciki ya kasa narkarwa, su fitar da sinadarin da bangon hanji ke rayuwa da shi, su kuma hana miyagun ƙwayoyi wurin zama.

Kafso bai san ɗan gida ba, bai san ɓarawo ba. Idan aka yi ta haɗiyarsa barkatai, masu gadin nan sai su ragu, miyagu irin su Clostridioides difficile su samu fili, bangon hanji ya kumbura. Gudawa ta dawo da ƙarfinta, wani lokaci har da majina da jini, a sake garzayawa kemis. Gudawar yara kuwa galibi bairas ke kawo ta, wanda waɗannan magunguna ba sa taɓawa. Shan magani barkatai kuma na ƙara yawan ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, waɗanda suka kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019.

In gudawa ta kama yaro, a fara da ruwan gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci. In an ga jini, zazzaɓi mai zafi, idanu sun faɗa, ko amai da gudawa tare, sai asibiti, ba jiran wayewar gari. Maganin da likita ya rubuta a sha yadda ya ce, kada a raba da maƙwabci.

Abincin 'yan gidan nan na hanji ma a gonakinmu yake: albasar Aliero, gero, wake, zogale, da kindirmon da aka tafasa madararsa.

Masu kemis, ku ji tsoron Allah, ku daina yanka wa mutane kafso bibbiyu. Limamai da masu unguwanni, a isar da wannan saƙo tun kafin ɓarnar ta fi haka.