Shin Akwai Maganin Tsufa?

Mun san tsufa ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan zo da ciwon gwiwa, da raunin gani, da hawan jini, da ciwon sukari. Don haka ne masana a Amurka da Turai suke neman maganin da zai rage saurin tsufan jiki. Nufinsu shi ne dattijo ya daɗe da ƙarfinsa, yana zuwa gona da kasuwa da ƙafafunsa.

Ga magunguna biyu da suke bincike a kansu.

Na farko shi ne rapamisin. An samo shi daga wata ƙwayar halitta da ke cikin turɓayar tsibirin Rapa Nuwi, a tekun Fasifik. A shekarar 2009, masana a Amurka suka ba tsofaffin ɓeraye wannan magani, sai suka fi ƴan'uwansu tsawon rai. Amma ɓera ba mutum ba ne. Kuma maganin yana raunana garkuwar jiki, shi ya sa ake ba da shi ga wanda aka dasa wa ƙoda. A inda ake fama da tarin fuka kamar nan wajenmu, raunin garkuwa babban haɗari ne.

Na biyu shi ne metformin, maganin ciwon sukari. Wani lokotoro Bafaranshe, Jean Sterne, shi ne ya yi amfani da shi ga masu wannan ciwo a 1957. Yana rage sukarin da hanta ke zubawa cikin jini. Amfaninsa ga mai ciwon sukari tabbatacce ne. Ga mai lafiya kuwa, har yanzu ana kan bincike.

Ke nan, har yau babu wata ƙwaya da hukumomin lafiya suka amince tana hana tsufa. Idan mai tallar magani a kasuwa ya ce yana da ita, kuɗinmu yake so. Kada mu sayar da tiyar hatsi mu sayi abin da zai iya lalata mana ƙoda.

To, me za mu yi wa tsofaffinmu? Mu kai su gidan likita a auna musu jini da sukari. Mu rage gishiri a miya. Mu taimake su barin taba. Su riƙa tattaki, suna cin wake da zogala. Wanda lokotoro ya rubuta wa maganin hawan jini, ya sha kullum, ko da ya ji sauƙi.

Tsoho mai lafiya rumbu ne ga gida. Mu kula da shi.