Yadda aka kammala karanta ƙarshen kuromosom na ɗan Adam

A watan Maris na 2022 wata ƙungiyar masana kimiyya mai suna T2T ta wallafa cikakken jerin haruffan gado na ɗan Adam, har da sassan da suka gagari masu bincike kusan shekaru 20.

Babban shirin da aka ce an kammala a 2003 ya bar kimanin kashi 8 cikin 100 ba a karanta ba, ciki har da tsakiyar kuromosom da kuma ƙarshensu.

Kuromosom dai su ne dunƙulallun zaren DNA da ke ɗauke da bayanan gado, kuma galibin ƙwayoyin jikin mutum na da guda 46.

Me ya sa aka sha wahala?

A ƙarshen kowane kuromosom akwai wani sashe da ake kira telomiya, wanda ke aiki kamar ƙullin bakin igiya da ke hana ta warwarewa.

A 1988 ne aka gano cewa a jikin ɗan Adam sashen ya ƙunshi haruffa shida, TTAGGG, da ke maimaituwa sau ɗaruruwa zuwa dubbai.

Tsofaffin na'urori kan yayyanka DNA ƙanana-ƙanana, sannan kwamfuta ta harhaɗa. To amma inda guntayen suka yi kama da juna, ba a iya gane wanne ne ke bin wanne.

Sababbin na'urori masu karanta dubban haruffa a jere, irin na kamfanonin PacBio da Oxford Nanopore, su ne suka warware matsalar.

Da su ne ƙungiyar, ƙarƙashin jagorancin Karen Miga da Adam Phillippy a Amurka, ta ƙara haruffa kusan miliyan 200. An kammala kuromosom na Y a 2023.

Amfani ga lafiya

Telomiya kan gajarce duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, har ta kai ƙwayar ta daina rabuwa. Amma yawancin ƙwayoyin cutar daji kan farfaɗo da wani sinadari da ke tsawaita ta, su ci gaba da hayayyafa.

Binciken telomiya da wannan sinadari ne ya sa Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak suka sami lambar yabo ta Nobel a 2009.

Haka kuma, ɓacewar wani guntu daga yankin da ke dab da telomiya kan haddasa tawayar ƙwaƙwalwa ga wasu yara, yayin da wata cutar raunin tsoka ke da nasaba da ƙarshen kuromosom na 4.

Cikakkiyar taswirar ta bai wa masu bincike ma'aunin da za su gwada DNA ɗin majiyyaci da shi a waɗannan wurare.